Maharbin Nomau a Rijiyar Gwaggo

An ce a Zariya an yi wani mutum, Nomau, wanda ya ƙirƙiro Wasan Ayari. Mutum biyar kan kewaye tebur, wannan madugu, wancan maharbi, ɗaya na jan labari daga littafi, a jefa ɗan lido ya yanke wanda zai tsira. Da ya buga dokokin wasan, sai ya sa lasisi a shafin ƙarshe: kowa na iya rubuta sabuwar tafiya a kansu, ya buga, ya sayar, ba sai da izini ba, ya dai ambaci sunan wasan. Marubuta arba'in suka amsa, har da gwaggonsa Tasalla, wadda ta koya wa kanta boko da furfura a kai, ta fitar da littafi uku.

Da wasa ya bunƙasa, wani lauya ya hure wa Nomau kunne ya soke lasisin, a kwashe littattafan kowa daga kasuwa. Maganar ta iske Tasalla ran Asabar, ranar wasansu. Ta zauna a kujerar mai jan labari, ta danne littafinta da gwiwar hannu.

Nomau ya ce, "Gwaggo, a fara mana."

"Sai ka ji labarin Jatau tukuna.

"Jatau ya share fili gindin tsamiya, ya sa aka yi shela, kowa ya zo ya kasa kayansa, ba shamaki. Mahauta suka zo, masu gishiri suka zo, kasuwa ta ci. Da ya ga cinkoso, sai ya ja shinge ya kafa ƙofa, wai fili nasa ne. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, 'Jatau, kada ka yi irin ta ɗorawa.' Ya ce, 'Me ɗorawa ta yi?'

"Ta ce, 'Ɗorawa ce ta gayyaci ƙudan zuma su sha furenta kyauta. Shekarar nan ta yi 'ya'ya har rassa na sunkuyawa. Sai ta hango saƙar zuma, ta ce ai daga jikinta aka ɗiba, ta rufe fure. Ƙudan suka canza daji. Baɗi ko kalwa ɗaya ba ta yi ba. Ka ji mai ganin ita ke ciyarwa, alhali ita ake ciyarwa.'

"Jatau ya yi kunnen ƙashi. 'Yan kasuwa suka tsallake rafi suka kafa tasu. Ya zauna da ƙofarsa, awaki kaɗai ke shiga. Magana zarar bunu ce, Nomau. Shela ka yi, ba raɗa ba."

Nomau ya ce, "Amma dokokin nawa ne."

"Naka ne! Wa ya ce na ubana ne? Dokoki tukunya ce, mu muka zuba miya. Yanzu gaya mini, ina muka bar maharbinka, wanda ka yi shekara bakwai kana reno?"

Ya sosa ƙeya. "A rijiyar Garin Gishiri."

"Wa ya rubuta Garin Gishiri? Ni! Ka duba littafinka kaf, babu rijiya, balle igiya. Soke lasisin yau, in rufe littafina, maharbinka ya ruɓe a ciki. Lauyanka ya zo ya ciro shi. Ni kuwa gobe zan tara arba'in ɗin nan mu tsallake rafi, mu tsara namu dokokin. Ai ba da su aka haife ka ba."

Abokan wasa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Nomau ya jawo littafin dokoki, ya buɗe shafin ƙarshe, ya rubuta a ƙasan lasisin: babu mai soke wannan, ko ni, ko magadana. Ya ce haka za a buga shi daga yau.

"Na ji, Gwaggo. Ba zan lashe amaina ba."

Tasalla ta karanta sau biyu, sannan ta buɗe littafinta, ta tura masa ɗan lido. "Jefa. In ka sami shida, akwai igiya."

Ya jefa. Biyu.

Ta ce, "Lasisi ka gyara, ɗan nan, ba sa'arka ba."