Oksijin Mai Hannu Biyu

Akwai wata yarinya a ajin kimiyya da 'yan ajinsu ke kira Me-ya-sa, don komai sai ta ji dalilinsa. Ita kuwa baiwar Allah ba ta iya hadda ba. Abin da ba ta gane ba, ko za a kwana ana nanata mata, ba ya zama.

A jarrabawar kemistiri ta sha ƙasa. Shugaban makaranta ya ce da malaminsu, "Idan ba ta gyara ba, zan fitar da ita daga ajin kimiyya." Ga shi ita ba ta da burin da ya wuce haɗa magunguna.

Ran nan malam ya rubuta H₂O, fomular ruwa, a allo, ya ce a haddace. Sai ga hannunta a sama.

"Malam, me ya sa haidirojin biyu, oksijin ɗaya? Wa ya yi rabon?"

Aji ya kwashe da dariya. Ran malam ya ɓaci, don lokaci ya ƙure. Har ya buɗe baki zai ce ta zauna, sai ya ga yarinyar nan ba iya shege take ba, so take ta sani. Ya ajiye alli.

"Fito. Yau ke ce oksijin, hannunki biyu." Ya kira wasu 'yan mata biyu, ya ce kowacce ta ɓoye hannu ɗaya a baya. "Ku ne haidirojin. Sharaɗi, kada hannun kowa ya zauna banza."

Ta kama wannan, ta kama waccan. Ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Kai! Malam, ashe ba zaɓi ba ne, hannun ne ya ƙare!"

Tun daga nan ta addabi gida. Murafan kwalba da tsinken ashana ta cika tabarma da su tana gwada haɗa fomula, har mamarta ta ce, "Ni 'yasu, yanzu shara ce karatun?"

Ranar da shugaba ya shigo ajin don ya tafi da ita, malam ya roƙe shi ya gwada ta tukuna. Shugaba ya ce, "Kabon hannunsa huɗu. Haɗa mini shi da oksijin."

Ba a kai nan a darasi ba, gaban malam ya faɗi. Ta ɗauki alli, ta je gaban allo. Can sai ta zana kabon a tsakiya, ya riƙe oksijin ɗaya da hannu biyu, ɗayan ma da hannu biyu. Ta rubuta CO₂.

Shugaba ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Wannan riƙon hannu bibbiyu ai karatun aji na gaba ne. Koma kujerarki, 'yata."

Ta koma, ta kifa kai a benci tana kukan murna.

Darasi: Yaro mai yawan tambaya ba fitina ba ne, hanyar ganewa yake nema. Haƙurin ɗan lokaci na iya ceto burinsa gaba ɗaya. Jama'a, ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani.