Kallo Ɗaya na Kaka Laraba

Ga wata nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, muna ji.

A wani kufai akwai tsohuwar majami'a, rufinta ya rufta, jemagu sun gaje ta. A gindinta akwai rijiya mai buɗe idon makaho. Kunkuru ke gadinta.

To, akwai wani saurayi, Jatau, sarkin cika baki. Kakarsa Laraba ta makance tun yana goye. Ran nan ta miƙa masa gora.

"Maigidana, ɗebo mini ruwan rijiyar majami'a. So nake in ga duniya kafin in bar ta."

"Wannan ma aiki ne, tsohuwa? Kafin ki tauna goro na dawo!"

Tafiyar yini ce. Jatau ya dubi rana, ya dubi inuwa, ya zaɓi inuwa. Ya sha barcinsa, ya cika gora a kududdufi.

"Ga shi. Kunkuru na gaishe ki."

Ta wanke ido. Duhu. Ta ce, "Sannu da hanya."

Ta sake aikensa, ya sake komawa kududdufi. "Yau har tuwo Kunkuru ya ba ni!" Ta wanke ido. Duhu. "Sannu da hanya."

Na uku ma haka. Amma ranar ta shafa ƙafarsa, ta ji ta sumul, ko ƙura babu. Ba sannu.

Shirun nan ya hana shi sakat. Da sassafe ya ɗauki gora, ya yi ta tafiya har ƙafa ta fashe.

Kunkuru ya leƙo. "Kai ne mai cin tuwona?"

"Ranka ya daɗe, wasa nake."

"Duk ƙaryar da ka yi da sunan rijiyar nan, sai ruwa ya ƙara janyewa ƙasa. Leƙa."

Ya leƙa. Taɓo, sai ɗan ruwa cikin tafin hannu.

Kunkuru ya ce, "Na kallo ɗaya ne. Da ranar farko ka zo, da ta gani har ƙarshen ranta."

Jatau ya kawo, ya durƙusa, ya faɗa mata komai.

"Kaka, me za ki kalla? In kai ki gona? In tara dangi?"

"Tsaya nan inda kake."

Ta wanke. Ido ya buɗe tar. Ta dubi fuskarsa, ta dube ta da kyau.

"Ashe har ka yi gemu, maƙaryacina."

Ido ya rufe.

Tun daga ranar Jatau ya zama sandarta, ba a ƙara jin cika bakinsa ba.

Ƙurungus! Na naɗe ta, na rataye. In tsoho ya aike ku, ku je tun aiken farko.