Sunan Wa Za a Rubuta a Filin Tsamiya?

Ku gyara zama, jama'a. Mai goro a baki ya tura shi kunci guda, domin wannan ba ta a ji a yi barci ba ce, ta a ji a yi gardama ce.

A unguwar Gangare akwai wani tela, Sallau, mutum mai son a gan shi. Ko gishiri zai sayo sai ya zuba babbar riga, ya karya hula, ya tsaya gaban madubin shagonsa ya yi wa kansa barka da fitowa. Shagon nasa yana kallon Filin Tsamiya, inda tun zamanin kakanni yara ke ƙwallo, ake kafa rumfar biki, tsofaffi ke buga dara a inuwa. Sai dai abin da yake na kowa ba shi da mai shara. Wannan ta zuba toka a gefe, wancan ya jefa mushen kaza, a hankali fili ya zama bola, tsamiya ta tsaya a tsakiya ita kaɗai abin tausayi. Kullum Sallau cikin ƙorafin wari yake. Ƙyallayen ɗinkin da ke saman bolar kuwa, in ji shi, iska ce ta kai su.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa daga cikin gari ya ƙyalla ido ya ga wurin. Ya je hukumar filaye ya ce ga wuri an yar, a ba shi ya jera shaguna. Hukuma ta ce za ta aiko jami'i ya duba da idonsa: in bola ce a ba mai nema, in kuwa jama'a na amfani da wurin a bar musu abinsu. Duk wannan ana yi, Gangare ba wanda ya sani.

To, akwai Azumi mai waina, 'yar unguwar, wadda ke kafa tanda a bakin ƙofar ofishin hukumar. Ranar Laraba da hantsi direban jami'in ya tsuguna gabanta ya ce, "Azumi, ƙaro yaji. Gobe da safe bolar unguwarku zan kai oga, gara in kashe hancina tun yau." Da wata ce, da ta yi dariya ta bar zancen. Azumi kuwa sai ta ƙara masa waina, ta ƙara miya, tana tambaya kamar ba ta damu ba, har ya zazzage mata zancen kaf. Ta sani sarai in aka gane ita ta kai labari, ƙila ta rasa wurin zaman da take ciyar da 'ya'yanta da shi. Duk da haka ta bar tanda a wuta, ta bar ƙullu a buɗe, ta hau acaɓa sai ƙofar gidan mai unguwa.

Mai unguwa ya tara jama'a bayan azahar a gindin tsamiya, kowa ya toshe hanci da hannun riga. Aka yi ta magana. Wani ya ce aikin gwamnati ne, wani ya ce a kafa kwamiti, wani ya ce a fara gano wanda ya soma zuba shara, nan take kowa ya dubi ƙasa. Da mai unguwa ya ga rana na tafiya sai ya ce, "Ku saurara. Duk wanda ya ceto mana filin nan, sunansa za a rubuta a allo a kafa a bakin hanya." Tun kafin ya rufe baki Sallau ya riga ya zaɓi launin fentin.

Sai Barau, shugaban 'yan garuwa, mutumin ƙauye mai ƙarancin magana, ya ce a garinsu irin wannan gayya ake kira mata. Aka yi masa dariya: wa zai rufe shago a cikin birni ya zo gayya? Barau ya miƙe abinsa. Ya je ya sayo goro, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar yana miƙa wa duk wanda ya fito, matarsa kuma ta bi gidaje tana raba wa mata. Sai da ya ga an fasa an soma tauna, sannan ya ce, "Goron gayya ne. Gobe da asuba, Filin Tsamiya." Kun dai san wanda ya ci goron gayya ya ƙi fita, har jikokinsa sai an yi wa gori. Wani ya so ya tofar, amma ya riga ya haɗiye ruwan. Sallau kuwa biyu ya ɗauka, saboda a ganinsa an ba shi ne don girmansa.

Gari na wayewa ganga ta ɗauka. 'Yan garuwa suka sauke jarkoki daga amalankensu suka koma kwasar shara. Magidanta suka fito da shebur da manjagara, mata da tsintsiya da kwando. Barau na gaba, kwalba ta yanke shi a ƙafa, ya yagi rigarsa ya ɗaure ya ci gaba. Amma bolar shekara da shekaru ba ta jin kunyar ganga. Hantsi ya yi, ko rabi ba a ci ba. Barau ya dubi tulin da ya rage ya ce, "Sai la'asar." Ga shi kuwa an ce motar jami'i ta taso.

A lokacin Sallau na gefe, riƙe da shebur da yatsa biyu kamar an ba shi jaririn maƙwabta. Ya jingine shi a hankali ya ce, "Ku bar ni da baƙon." Ya shiga shago ya fito cikin rigarsa mai aska takwas, ya tari motar a mashigar unguwa, ya buɗe ƙofa da kansa.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa! Ai babba irinka ba ya shiga unguwa bai gaida manyanta ba, sai a ce mu ne ba mu da tarbiyya."

"Sauri nake yi, malam."

"Sauri ya haifi nawa, ranka ya daɗe. Leƙawa kawai za mu yi."

Ya kai shi wurin tsohon liman, wanda in ya ɗaga hannu addu'a daga Annabi Adamu yake farawa, kuma kunnensa ba ya jin gyaran murya. Daga nan aka bi ta gidan da aka yi rasuwa. Wane ɗan Musulmi ne zai wuce zaman makoki bai zauna ya yi ta'aziyya ba? Daga nan gidan da aka yi haihuwa, a yi barka. Kowane zaure aka shiga sai an kawo fura, baƙo kuma ba ya sha shi kaɗai, dole mai rakiya ya taya shi. Sallau ya sha, ya sha, har mazugin wandonsa ya soma neman afuwa. Jami'i ya tambaya, "Gangar mene ce nake ji tun ɗazu?" Sallau ya ce, "Saboda zuwanka ake yi, ranka ya daɗe." Aka kira azahar, aka yi salla, aka gabatar da tuwo, wanda ƙin cinsa raini ne. Da dabara ta kusa ƙarewa sai Sallau ya kama hannun rigar baƙon ya yi salati. "Wa ya yi maka wannan ɗinkin? Allah ya isa tsakaninka da shi!" Ya ja shi shago ta bayan layi, ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya ce ya manta, ya sake aunawa. Kuma tun da an auna mutum dole a yi masa riga, sai ya ɗauko shaddar da ya ɓoye wa kansa domin Salla ya ce ta baƙo ce. Har yau in ya tuna shaddar nan sai idonsa ya kawo ruwa.

Sai da aka idar da la'asar ya buɗe ƙofar gaba ta shagon. Shi kansa sai da ya ja da baya. Fili fes, an yayyafa ruwa. An dasa darbejiya da mangwaro a gefe-gefe an kewaye su da ƙaya, an binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa sun zama wurin zama, an kafa sandunan gola, an ɗaura lilo a reshen tsamiya yara na layi. Tsofaffi har sun tona gurbin dara suna musu.

Jami'i ya zaga. Ya kankare ƙasa da takalmi ya ga ɗanya ce. Ya dubi ƙafar Barau, ya dubi hannayen mata. Can ya juyo ya ce, "Tela, tun a ƙwarya ta biyu na gane ka. Amma ni abin da idona ya gani aka aiko ni in faɗa. Da a ce da safe na zo nan, da bola na gani. Yanzu kuwa filin jama'a na gani."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka amsa. Mai unguwa ya zauna daɓas a ƙasa yana ta hamdala. Sallau ya so ya yi jawabi, amma fura ta ce masa a'a, ya tattare riga ya nufi gida da sauri, aka yi murnar ba shi.

Fili ya tabbata na Gangare. 'Yan garuwa na ba itatuwa ruwa, mata sun sa ido, ko ɓawon gyaɗa ka yar sai ka ji sunanka daga bayan katanga. Allo kuma an sassaƙa, an shafe shi da fari, mai fenti ya zo ya zauna da burushi a hannu. A nan aka tsaya.

Mata suka ce Azumi. Ba don kunnenta da ƙarfin halinta ba, da jami'i ya zo ya tafi kowa na barci, sai dai a wayi gari a ga ana sauke bulo. Ita ce ta sa abincin 'ya'yanta a kan siraɗi.

Samari suka ce Barau. Labari ba ya kwashe shara. An ji labarin ai, aka zauna ana kwamiti. Shi ya mai da masu surutu ma'aikata, shi ya zubar da jininsa a wurin.

Sallau kuwa, da yake ba wanda ya yi saurin faɗa, shi ya faɗa da kansa. Labari ya zo, gayya ta fito, amma da baƙo ya iso da hantsi, da duk wahalar banza ce. Shi ya riƙe rana a sama har aka gama, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya yi asarar shadda, ya yi jinyar ciki, kuma har yau ba wanda ya zo ya ce masa ya jiki.

Allon ba ya ɗaukar suna uku, mai unguwa kuma ya ce suna ɗaya ya yi alkawari. To, jama'a, ga mai fenti na jira, fenti na bushewa: Azumi, Barau, ko Sallau, sunan wa za a rubuta?