Watanni Shidan Inna Marka

Ku gyara zama, ga shari'a na kawo, ku ne alƙalanta.

Inna Marka mai waina ce a bakin tasha. Shekara tara tana ciyar da matafiya, ita kuwa da ta yi loma uku sai ciki ya kumbura, ƙirji ya ɗau zafi. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta. Da ta ji wani babban asibiti na neman masu irin ciwonta don gwajin sabon magani, ta ce sai an yi da ita. Likita bai ɓoye mata ba: wata shida ne, rabin mutanen za su sha maganin, rabi ƙwayar da ba komai a cikinta, kuma ko shi bai san wa ya samu wanne ba. Ta dangwala hannu.

Asibitin tafiyar awa biyu ne, kuma duk wanda ya yi fashi sau biyu an cire shi. Babban ɗanta Barau direba ne. Kowace Talata yakan ajiye aikinsa ya kai ta. Ranar da ruwa ya cinye gada, goya ta ya yi ya tsallake rafi.

Akwai takardar da ake cikewa bayan kowane cin abinci, Inna kuwa ba ta yi boko ba. Sahura, mai bin Barau, tana aure a wata unguwa, amma sau uku a yini take takowa ta tambayi me aka ci, yaya cikin ya yi, ta rubuta. Ko sau ɗaya ba ta cike layi da ka ba.

A wata na huɗu ciwo ya ƙi sauƙi. Auta Ladidi ta iske uwar a bayan ɗaki tana shan jiƙon kanwa, abin da aka hana.

"Rufa mini asiri, 'yar nan."

"Inna, in na yi shiru takardar Yaya Sahura ta zama ƙarya, kuma da ita za a ba wasu magani."

Ta je ta faɗa wa likita. Ya rubuta, bai cire Inna daga gwajin ba. Mako biyu Inna ba ta amsa gaisuwar Ladidi, amma da hannunta ta zubar da jiƙon, ta cije ta ƙarasa watanninta.

Da aka buɗe sunaye, ashe ƙwayar banza ta sha. Sai dai da aka gwama takardu irin nata da na ɗaya ɓangaren aka tabbatar maganin na aiki. Aka ba ta na gaske. Kafin Sallah ta cinye malmalar tuwo guda, ta nemi ƙari.

Yanzu asibiti ya kira taron godiya, an ce ta zo da mutum ɗaya tak wanda ya fi tsaya mata. Kwana uku ke nan tana juya maganar.

To jama'a, Barau, Sahura ko Ladidi, wa za ta ɗauka?