Sikelin Lantarki da Mudun Sarkin Kasuwa

Mahaifina Jatau mai gyaran sikeli, Allah ya jiƙansa, yana da rai lokacin da Sarkin Kasuwa ya sayo sikelin lantarki. Da aka gaya wa Sarki cewa masu ƙera shi sun ce yakan yi ɗan kuskure, sai ya aika a kira Baba.

"Jatau, sikelin da ya amsa laifinsa tun kafin a kama shi? Gyara shi, kada ya kuskure ko ƙwayar gero ɗaya. In ka kasa, ka bar rumfarka."

Baba ya shafa sikelin kamar mai lallashin jaki. "Ranka ya daɗe, ya gyaru. Saura shaida."

"Wace shaida?"

"Abin da ba ya ƙarya. Kowa ya san duk kasuwar nan babu mai gaskiyar mudun da kake karɓar rabonka da shi. A cika shi, a cika mudun kasuwa, a auna gaban jama'a. In sikelin ya ce nauyinsu ɗaya, ya gyaru. In ya ce naka ya fi, to ko shi ne maƙaryaci, ko kuwa..."

'Yan hatsi suka matso, don sun san maƙerin da ya zurfafa gindin mudun Sarki.

Sarki ya gyara rawani. "Bar shi haka, Jatau. Wa ba ya kuskure in ban da Allah?"

Rumfar tana nan, ni nake buɗe ta kullum. Mai ita ne babu.