Wuƙar da Ishaku Ya Karya da Hannunsa

Akwai wani maƙeri a kasuwar Katako, can bayan rumfunan masu katako, ana ce masa Ishaku. Wuƙar aljihu yake ƙerawa, irin mai naɗewar nan, ruwanta daga tsohon sifirin ɗin mota, ƙotarta ƙahon sa. Mutum ne marar surutu, wuƙaƙensa kuma ba su da wani ƙyalli.

Yana da wata ɗabi'a da ya gada wajen mahaifinsa. Duk sanda ya gasa wuƙaƙe ya tsoma su a baƙin mai don su yi tauri, sai ya zari ɗaya, ya ɗora a uwar maƙera, ya sa masaba ya karya ta, ya leƙa cikin karayar. In ƙarfen ya fito lumui, launin toka, wuta ta yi daidai. In ya ga tsaki-tsaki kamar yashi, wuta ta yi yawa, bakin zai riƙa gutsurewa, kuma duk waɗanda aka gasa tare sun tashi aiki.

Maƙwabcinsa Sharafaddeen, shi ma maƙerin wuƙa ne, amma ɗan zamani. Yana da injin hura wuta da injin goge ƙarfe, wuƙarsa har fuskarka kake gani a ciki. Da ya ji ƙarar masaba sai ya ɗaga murya:

"Jama'a, Ishaku ya fara! Kowa na neman mai saye, shi yana karya kayansa!"

Sai a bushe da dariya. Ishaku ya yi murmushi kawai, amma abin yana ci masa rai, don kasuwa ta juya masa baya. Har ya yi magana da wani mai keke Napep a unguwar Rikkos, in abin ya ƙi ya rufe maƙerar mahaifinsa ya kama tuƙi.

Ana cikin haka sai ga Madam Hosana. Tana da babban wurin renon itatuwa a bayan gari, inda ake yi wa mangwaro da fiya aure. A yanko reshen mai kyau, a tsaga ƙaramar bishiya, a haɗa su a ɗaure da leda. Aikin nan sai wuƙa mai yanka sumul, don in yankan ya yi kaushi, auren ba ya kamawa.

Ta ce, "Oga Ishaku, an ce babanka ya iya wuƙa. Ina so na duk ma'aikatana, amma ranar Asabar zan karɓa. Lokacin aure ba ya jira."

Ishaku ya koma gida kamar ya yi tsalle. Matarsa Tabawa ta ce, "Ka gani ko? Allah bai manta da maƙerar nan ba."

Ya duƙufa. Ranar Juma'a da hantsi ya gasa, ya tsoma a mai, ya zari ɗaya ya karya. Ya leƙa cikin karayar. Yashi ne zalla. Garin sauri ya matsa wa zugazugi, wuta ta wuce misali.

Ya zauna ya zuba wa sauran ido. A waje kam ba su da makusa. In ya wasa su ya sa ƙota, ba mai ganewa sai an yi kwanaki ana aiki da su.

Ya gaya wa Tabawa. Ta ce, "Baban Salma, ni ba maƙeriya ba ce. Amma in ka kai mata su, kai ka san abin da ke ciki, ko ita ba ta sani ba."

Da ma abin da zuciyarsa ke gaya masa ke nan. Washegari ya je wajen Madam Hosana ba wuƙa ko ɗaya, sai karyayyiyar nan. Ya nuna mata cikin, ya roƙi ta ƙara masa lokaci.

Ranta ya ɓaci sosai. "Ka zo ka nuna mini ɓarnanka? Ni wuƙa na ce, ba labari ba!" Ta fizge guntun ta jefa a jaka, ta ce ya tafi.

A ranar ta ba Sharafaddeen aikin. Kafin ka ce me, ya haɗa mata wuƙaƙe masu walƙiya, ƙota da adon tagulla. Ya bi ta gaban Ishaku da su yana cewa, "Maƙwabci, akwai wadda za ka karya mini?"

Ranar Ishaku ya yi hawaye, ba ɓoyewa. Amma bai rufe maƙerar ba. Ya samo wani sifirin, ya sake aikin daga farko a tsanake, alhali ba shi da mai saye. Ya ce ko tuƙin zai kama, wuƙarsa ta ƙarshe sai ta zama ta kirki.

Bayan 'yan makonni, motar Madam Hosana ta tsaya a Katako. Ta fito da dami na busassun rassa, ta zube su a gaban rumfar Sharafaddeen. Auren bai kama ba. Bakin wuƙaƙen ya gutsuttsure, yana yagar itace maimakon yanka.

Sharafaddeen ya ce, "Haba Madam, ai yaranki ne ba su iya riƙo ba. Dubi ƙyallinta!"

Ta ce, "Ƙyalli na gani tun farko. Yanzu ciki nake so in gani. Karya ɗaya."

Masu katako suka taru. Ya yi ta kame-kame, amma ba yadda zai yi. Ya buga masaba, wuƙa ta karye. Madam Hosana ta buɗe jaka, ta fito da guntun nan na Ishaku, ta kara su ta ɗaga wa jama'a. Yashi da yashi, ba bambanci.

Ta ce, "Kun gani? Abin da wancan ya ƙi sayar mini, shi wannan ya goge ya sayar mini."

Ta juya wajen Ishaku, muryarta ta sauka. "Oga, ka yi haƙuri. Kana da wani?"

Ishaku ya kwance tsumma, ga sabbin wuƙaƙe jere. Bai jira ta tambaya ba, ya zari ɗaya ya karya. Cikinta lumui kamar toka. Ya buɗe wata, ta ba da ƙara ƙas, ta tsaya ƙyam ba girgiza. Ta karɓa ta shafta a ɗanyen reshe, yankan ya fito sumul kamar an yanka sabulu. Sai tafi ya ɓarke, har da waɗanda suka fi kowa yi masa dariya.

Ta kwashe duka. Ta kuma kafa masa sharaɗi, duk wuƙaƙen da zai kawo mata ya haɗo da karyayyiyarsu. Auren da aka sake ya kama, labari ya bazu wajen masu lambu, yanzu har layi ake yi a maƙerar. Mai keken Rikkos kuwa ya gaji da jira ya ba wani.

Wata safiya Ishaku yana hura wuta, sai ya ji ƙarar masaba daga rumfar maƙwabcinsa. Can sai ga Sharafaddeen, kansa a ƙasa, da guntun wuƙa a tafin hannu.

Ya ce, "Malam Ishaku, don Allah duba mini. Wannan ta yi?"

Ishaku ya matsa masa a benci, ya ce, "Zauna. Da saura, amma zan nuna maka."

Darasi: Ƙyalli yana sayar da kaya sau ɗaya, gaskiya ce ke dawo da mai saye. Ka bincika aikinka kafin wani ya bincika maka, in ka ga aibi ka faɗa ko da za ka yi asara a ranar. Ku tura wa duk wani mai sana'ar hannu da kuka sani, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.