Wuƙar Aljihun Gwani da Lemon Baba

Yayana ya iya auren bishiya, har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Gwani yake ce masa. Idan ka kawo masa dashen lemon tsami, zai yanko ido daga reshen lemon zaƙi, ya tsaga ɓawon dashen, ya cusa idon, ya ɗaure da leda. Bayan mako uku sai ka ga ya kama ya tofo. A cikin ɗari da wuya biyar su ƙi. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi kaya: ba a faɗa masa. Da zarar ka ce, "Gwani, da ka yi kaza," to ka zama abokin gaba, sai ya yi kwana uku yana amsa gaisuwarka da hanci.

Duk aikin nan da wuƙa ɗaya yake yin sa, 'yar wuƙar aljihu irin mai ninkewa, mai mariƙin katako da ya yi baƙi ya yi santsi saboda gumin hannu. Shekara ashirin da biyu tana aljihunsa na dama. Kowace safiya sai ya wasa ta a dutse, ya goga ta a tsohon bel, ya gwada kaifinta a gashin hannunsa, har hannun hagunsa ya zama ba gashi. Da ita yake yanka igiya, da ita yake farke buhun taki, ya fere fensir, ya yanke farce, ya ɓare lemo, ya kankare taɓon takalminsa. In ya gama sai ya shafa ta sau ɗaya a cinyar wandonsa, ya ninke, ya jefa aljihu. Wasawa dai kullum, amma ban taɓa ganin ruwa da sabulu sun taɓa wuƙar nan ba.

Ni ce auta a gidanmu. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti, rabin yinina wajen dafa almakashi da goge kayan ɗinki yake ƙarewa. In na tashi sai in wuce lambun da mahaifinmu ya bari, in taya ban ruwa.

A tsakiyar lambun akwai bishiyar lemo guda ɗaya da muke kira lemon Baba. Shi ya shuka ta tun kafin a haife mu. Lemonta ɓawonsa siriri ne, kusan ba 'ya'ya a ciki, ga zaƙi kamar an zuba sukari. Babu irinta a wurin kowa, domin Baba yana da rai bai taɓa yarda an yanki ko reshe ɗaya an aura wa wani dashe ba. Bayan rasuwarsa, a inuwarta Inna take yini a kan 'yar kujerarta. A shekarar da nake ba da labari, Inna ta lura bishiyar ta fara tsufa, sai ta kira Gwani ta ce, "Ka aura mini ita. Kada ta mutu ba ta bar baya ba." Muka jera dashe ɗari biyu da saba'in a cikin leda, muka yi ta renonsu har suka kai kaurin fensir.

Ana saura mako biyu a fara, malamin gona ya zagayo lambuna yana gargaɗi. Ya ce wani ciwo ya ɓulla a lemo, ba shi da magani sai sara da ƙonewa, kuma a bakin wuƙa yake yawan tafiya. Ya ce duk wanda ya taɓa wata bishiya ya goge wuƙarsa da sifirit kafin ya taɓa ta gaba. Gwani ya bari sai da ya juya baya, ya ce, "Yaron da bai taɓa aura ko barkono ba, shi zai koya mini riƙon wuƙa."

Ranar da za a fara aikin, Gwani ya iso a makare yana fara'a. Ya ce wani dattijo mai lambu a gangare ne ya tare shi, wai lemonsa suna ta fitar da gyambo.

"Ba wani abu ba ne, ruɓa ce," in ji shi. "Na kankare masa ita tas, har bishiya shida."

Na ce, "Yaya, da wannan wuƙar ka kankare?"

"Da wacce kike so in kankare, da cokali?"

"To tsaya, akwai sifirit a jakata. Ka buɗe ta in wanke maka, har cikin mariƙin. Minti biyu ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi dariya. "Auta, nan ba asibitinku ba ne. Tun kina ɗaukar allo da alli nake wannan aikin. Wuƙa mai kaifi ba ta ɗaukar ciwo, dakusasshiya ce ke ɗauka."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Shekara ashirin da biyu ne suka gaya mini."

Na juya wurin Inna na ce ta sa baki. Ta ce, "Ki bar yayanki, shi ya san aikinsa." Har yau in na tuna wannan lokacin raina sai ya ɓaci, kuma ba shi kaɗai nake jin haushi ba, har da kaina. Na riga na ciro kwalbar sifirit ɗin, tana hannuna. Da na tsaya a gindin bishiyar na ce ba zai hau ba, iyakarta ya yi fushi na kwana uku, abin da ya saba. Amma na ji nauyin a ce ƙanwa ta tsare wa yayanta hanya, na mayar da kwalbar cikin jaka.

Ya shafa wuƙar a cinyar wandonsa, ya hau. Ya zagaye lemon Baba ta kowane gefe yana zaɓen rassa masu kyau, ya yanko arba'in da wani abu. Cikin kwana uku ya aura dashe ɗari biyu da arba'in. Sauran talatin ɗin da ke layin ƙarshe ya ce ba su yi ƙwari ba, a bar su tukuna.

Da mako uku ya cika aka kwance ledar, kusan duka sun kama. Gwani ya riƙa bin layi yana kirana. "Likita, zo ki duba marasa lafiyarki. Ko za a yi musu allura?" Har na fara cewa a raina ƙila ni ce mai yawan tsoro.

Sai ruwa ya sauka, aka yi kwanaki ana yi. A nan ne yayana ya yi abin da ya fi na farko muni. Shi ya fara ganin alamar: ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa da zoben rawaya a sabon ganye, da ɓawo yana fashewa a bakin yanka. Ya gane su sarai, domin irinsu ya kankare a gangare. Maimakon ya faɗa, sai ya riƙa riga kowa zuwa lambu, yana yanke duk reshen da ya nuna alama, yana turawa cikin buhu. Da wace wuƙa? Da ita dai. Ya yanke mai ciwo, ya matsa gaba ya gyara mai lafiya. Kuma duk wannan bai hana shi amsa kiran mutane ba, yana shiga lambunansu da ita a aljihu yana yi musu aure da sassabe.

Wata ranar hutu na zagaya bayan ɗakin injin ban ruwa neman tiyo, na ci karo da buhun. Na jawo shi har gaban Inna na zazzage. Gwani yana tsaye.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya hau faɗa. Ya ce ni ce na cika wa dashen ruwa. Ya ce takin da aka sayo gurɓatacce ne. Ya ce bakin mutane ne, tun da aka ji za a aura lemon Baba ake ta magana. Na ɗauki waya na kira malamin gona.

Malamin ya zo da rana tsaka. Ya bi layin dashen ɗaya bayan ɗaya yana juya ganye, ya daɗe a gindin lemon Baba yana ɗaga kai. Sannan ya ce, "Gwani, ara mini wuƙarka."

"Ba a taɓa mini wuƙa."

Inna ta ce, "Ba shi." Muryarta ba ta tashi ba, amma sai ga hannunsa a aljihu.

Malamin ya buɗe ta. Ruwan wuƙar yana ƙyalli, ba ko ɗigon tsatsa. Ya tsinko tsinken tsintsiya, ya zura a tsagar mariƙin, inda kaifin yake kwanciya in an ninke, ya jawo. Wani baƙin danƙo ya biyo tsinken, haɗe da ɓurɓushin ɓawo. Ya sake zurawa, ya sake jawowa, har sau huɗu.

"Ka ga, kai bakinta kake gogewa a wando," in ji shi, "amma a nan take kwana. Duk lokacin da ka ninke ta, sai ta sake kwasa. Zo ka duba da idonka. Kowane gyambo a bakin yankanka yake zaune. Ga talatin ɗin can da ba ka taɓa ba, ganyensu fes."



Inna ta ce, "Malam, babbar fa? Ko reshe ɗaya ba za a samu mai lafiya ba, a aura a wani wuri?"

"Inna, na duba. Da gefe ɗaya ya yanka, da na ce a gwada. Ya zagaye ta kaf, ruwan sama kuma ya ƙarasa sauran. In aka bar ta, sai ta kashe na maƙwabta."

Washegari aka kawo mai injin yanka katako. Na roƙi Inna ta zauna a gida, ta ƙi. Ta sa aka kai mata kujerarta bakin rijiya, ta zauna tana kallo. Bishiyar da ta yi shekara fiye da arba'in a tsaye, ko rabin awa ba ta yi ba ta faɗi. Aka tone saiwar, aka tara rassan, aka watsa dashe ɗari biyu da arba'in a kai da ledarsu, aka zuba kananzir. Ƙamshin ganyen lemo ya cika lambun, ni kuwa ina kuka ina jin kamar in shaƙe yayana.

Da wutar ta lafa, Gwani ya zo ya durƙusa a gaban Inna. Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Inna ta ce, "Lambun mutum nawa ka shiga da wuƙar nan tun ranar da ka yi kankara a gangare?"

Ya yi ta lissafi da yatsu. "Goma sha ɗaya."

"To tashi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka, ka faɗa musu da bakinka abin da ka kai musu. Kada ka ce taki ne, kada ka ce ruwa ne. Tawa ta riga ta tafi, su ƙila a ceci nasu. In ka gama ka dawo mu yi maganar yafiya."

Ni ta sa na raka shi, don kada ya sauya zance a hanya. Kwana biyu muka yi muna zagaye. Na ga mutumin da ba a faɗa masa yana tsaye a ƙofar lambun mutane, hularsa a hannu, ana faɗa masa har da wadda ba ta faɗuwa. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata lemo ashirin ba ta zage shi ba, tambaya ɗaya ta yi masa: "Ka sani lokacin da ka shigo?" Ya ce ya sani. Ta rufe ƙofarta. A cikin goma sha ɗayan nan, lambu huɗu sai da aka sare.

Inna ta yafe masa daga baya, uwa ce. Amma babu wanda ya ƙara kiransa aiki. Tsakiyar lambunmu yanzu fili ne, malamin gona ya ce kada a dasa lemo a wurin sai bayan shekara biyu. Ko an dasa ma, ba na Baba ba ne, wannan irin ya ƙare a duniya. Tun ranar da aka ƙone ta Inna ba ta sake taka lambun ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya aiki ba ya hana mutum yin ɓarna, sau da yawa ma ɓarnar gwani ta fi ta ɗan koyo, domin shi ake sakar wa abu mai daraja ba a duba bayansa. Kayan aikin da kake ɗauka kullum, kada sabo ya sa ka raina tsabtarsa, ka duba har inda ido ba ya kaiwa. In an gargaɗe ka, ka auna maganar, kada ka auna shekarun mai faɗinta. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun yana ƙarami, domin ɓoye shi ne ke kai shi gidajen da ba su ji ba ba su gani ba. Kai kuma da ka ga ana shirin ɓarna, kada kunya ta rufe maka baki. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma abin takaicin, ba mai rawanin kaɗai tsiyar take ci ba.